Ki San Kayan Gidanki: Ƙara Wa Intanet Ƙarfi Da Rauta Ta Biyu

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata 'yar na'ura ce da ta shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan, har ta samu wurin zama kusa da talabijin, wato rauta, wadda ke raba wa wayoyin gida intanet ta iska, abin da ake kira Wi-Fi. Koken da ake yawan ji daga mata, musamman mazauna cikin birni irin su Shahuci da Yakasai da Ƙofar Mata, guda ɗaya ne: an sayi rauta da tsada, ana zuba mata data duk wata, amma a falon maigida kaɗai take aiki. Da kin shiga uwar ɗaki sai waya ta kama juyi, hoto ya ƙi tafiya, kira ya riƙa yankewa, dole sai kin fito tsakar gida kina ɗaga hannu sama kamar mai shanya.

Kada ki ɗauki wannan ƙaramin abu, 'yar'uwa. Mace nawa ce a yau ke sayar da atamfa da leshin Kantin Kwari, ko turaren wuta da humra, ko dubulan da alkaki, daga cikin ɗakinta ta WhatsApp? Idan hoton kaya bai isa ga mai saye da wuri ba, ai wata ta riga ki. Ga yara masu shirin JAMB, wadda tun shekarar 2015 ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, suna bukatar gwaji a gida. Ga kiran bidiyo da 'yan'uwa na Makka da Legas. Sannan ga batun kuɗi: a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. To idan an biya kuɗin rauta, ke kuma kina sake sayen data a wayarki don ba ta kaiwa ɗakinki, kin ga an yi biya biyu ke nan a kan abu ɗaya.

Maganin da masu gyara suka fi bayarwa shi ne a ƙara rauta ta biyu. Shawara ce mai kyau, amma fa ba kowace matsala take magancewa ba. Don haka sai mu bi abin daki-daki.

Abin Da Rauta Ta Biyu Ke Yi Da Wanda Ba Ta Yi

Ki ɗauki intanet kamar ruwan famfo. Kamfanin da kuke biya shi ne gidan ruwa, rautar farko ita ce kan famfon da ke bakin zaure. Idan ruwa na zuwa da ƙarfi a bakin zaure, amma kicin ɗinki yana can ƙuryar gida, sai a ja bututu a sa wani kan famfon a kicin, ki huta da jido. Wannan shi ne aikin rauta ta biyu: kawo abin da ya riga ya shigo gida zuwa inda ba ya kaiwa. Amma idan tun daga gidan ruwa ɗigo-ɗigo yake zuwa, ko kan famfo goma kika sa, ɗigon nan dai shi za ki samu. Rauta ta biyu ba ta ƙara ko ƙwayar data, ba ta kuma ƙara saurin da kamfani ke turowa. Duk mai shagon da ya ce miki za ta ninka miki sauri, cinikinsa kawai yake nema.

Tafiyar intanet zuwa wayarki zango biyu ce. Zangon farko daga ƙarfen sabis na kamfani zuwa rauta. Zango na biyu daga rauta zuwa wayarki. Rauta ta biyu zango na biyu kaɗai take gyarawa.

Me Ya Sa Abin Ya Fi Tsanani A Cikin Birni?

Dalili na farko shi ne irin gininmu. Duk wadda ta san gidajen Shahuci, tun daga wajen Asibitin Murtala da Kasuwar Rimi har ka doshi Gidan Sarki, ta san gida ne mai tsawo: daga zaure sai soro, sai tsakar gida, sai sassa daban-daban, wani bayan wani. Tsofaffin katangun ƙasa suna da kauri sosai, waɗanda kuma aka rushe aka sake, an yi su ne da bulo da kankare da rodi, har da bene. Saƙon Wi-Fi kamar hasken fitila yake, kowace katanga ya ratsa sai ya rage ƙarfi. Abin da ya fi tare shi kuwa ƙarfe ne da ruwa: ƙofar ƙarfe, rufin kwano, firij, babban madubi, tankin ruwa, har da kabad ɗin da aka jera wa kwalla da samiru.

Dalili na biyu shi ne cunkoso. Gidaje a manne suke da juna, lungu ƙanƙane ne, idan kika buɗe Wi-Fi a wayarki za ki ga sunayen rautocin maƙwabta a jere. Duk a iska ɗaya suke magana, kamar mata da yawa suna hira a ɗakin suna, kowa sai ta ɗaga murya kafin a ji ta.

Dalili na uku shi ne irin rautar da muka fi amfani da ita, wato mai ɗaukar layin waya na MTN ko Airtel ko Glo. Irin wannan tana son a ajiye ta kusa da taga ko a saman bene inda za ta kamo sabis da kyau, alhali kuwa Wi-Fi ya fi son a ajiye shi a tsakiyar gida. Kin ga bukata biyu sun ci karo. Idan kika matso da ita tsakiya sabis ya ragu, idan kika bar ta a taga ɗakuna su rasa. Haka abin yake ga masu 5G, wanda MTN ya fara a shekarar 2022, Kano na cikin birane bakwai na farko da suka samu, da masu Starlink da ya shigo Najeriya a 2023. A irin wannan hali ne rauta ta biyu ke da amfani ƙwarai: ta farko ta zauna inda sabis yake, ta biyu ta zauna inda mutane suke.

Gwaji Kafin Kashe Kuɗi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, haka ma bincike ya fi asara. Kafin a sayi komai, ki yi wannan gwajin da wayarki. Ki kashe datar wayar, ki haɗa ta da Wi-Fi na gida, ki buɗe burauza ki rubuta fast.com, ko ki yi amfani da manhajar Speedtest. Za ta nuna miki lamba, ita ce saurin intanet, ana auna shi da megabit a daƙiƙa guda.

Ki auna a wuri uku: a gindin rauta, a tsakar gida, da cikin ɗakin da ake kuka da shi. Ki yi da safe, ki sake yi bayan isha'i, domin da daddare jama'a sun fi yawa a kan ƙarfen sabis, sauri yana raguwa. Ki rubuta lambobin a takarda. Ki sani gwajin kansa yana cin data, don haka ba abin maimaitawa ba ne sau ashirin.

Alal misali, a ce kin samu 20 a gindin rauta, 12 a tsakar gida, 1 a ɗaki. To nan matsalar ta cikin gida ce, rauta ta biyu za ta yi miki aiki. Amma idan a gindin rautar ma 2 kika samu, to matsalar daga waje take. Sai a canja wa rautar wuri, ko a gwada layin wani kamfanin idan rautar tana karɓa, ko a duba irin tsarin datar da aka saya. Ki lura, da yawa daga tsarin da ake cewa ba ya ƙarewa yana da iyaka a ɓoye: idan aka sha wani adadi sai kamfani ya rage saurin har zuwa ƙarshen wata. Idan kullum a satin ƙarshe intanet ɗinku ke sanyi, wannan ne abin zargi na farko.

Gyaran Da Ba Ya Cin Ko Sisi

Wani lokacin ma ba sai an sayi komai ba. Ki fara da waɗannan:

1. Ki ɗaga rautar sama, a kan kanta ko a jikin bango, sama da tsayin kai. Kada a ajiye ta a ƙasa, ko bayan talabijin, ko cikin durowa.

2. Ki cire mata ɗan leshin nan da muke rufa wa kayan kallo. Rufi yana tara mata zafi. Yawancin rautoci an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, kin kuwa san yadda Kano take a watan Afrilu. Lokacin hunturu kuma ki riƙa goge ƙurar da ke toshe ramukan shan iskarta.

3. Ki nisanta ta da firij da na'urar ɗumama abinci da babban madubi.

4. Ki duba ko rautarku tana da hanya biyu. Sababbi suna fitar da Wi-Fi iri biyu, ɗaya mai lamba 2.4, ɗaya mai lamba 5. Mai 2.4 ya fi nisan zango da ratsa katanga, amma ya fi cunkoso. Mai 5 ya fi sauri, amma ba ya jure katanga. Wanda ke kusa ya hau 5, na nesa ya hau 2.4. Kuma kada ki haɗa wannan 5 ɗin da 5G na kamfanin waya, sunan ne kawai ya yi kama.

Idan an yi duk wannan ɗaki bai samu ba, to sai a koma ga rauta ta biyu.

Hanyoyi Uku Na Haɗa Ta

Hanya ta farko, kuma wadda ta fi kowacce inganci, ita ce a ja kebul daga ta farko zuwa ta biyu. Kebul ɗin intanet ne mai kai irin na kwamfuta, ki ce a ba ki Cat5e ko Cat6. Yana iya kai tsawon mita 100 ba tare da sauri ya ragu ba, da wuya kuwa a samu gidan da ya wuce haka. Kebul bai san katanga ba, bai san ƙofar ƙarfe ba, abin da ya ɗauko shi zai kai. Ga gidajen cikin birni masu kaurin bango, wannan ce shawarar da ta fi dacewa.

Hanya ta biyu ita ce mai maimaita saƙo, wadda ake kira ripita. Ita ba ta bukatar kebul, tana kamo Wi-Fi na farko ta iska ta sake watsa shi. Sauƙi gare ta, amma tana da aibi biyu. Na ɗaya, ƙananan cikinsu suna rage sauri da kusan rabi, domin da baki ɗaya suke karɓa suke bayarwa. Na biyu, mutane suna kuskuren kai ta cikin ɗakin da babu sabis. Yo abin da ba ta ji ba ta yaya za ta maimaita? Wurinta shi ne tsakiyar hanya, inda saƙon farko yake da sauran ƙarfi. Idan abin da kuke da shi ƙaramar MiFi ce ta aljihu, wadda galibi ba ta da ramin kebul, to ripita ce mafita, ko kuma a sayi babbar rauta mai ɗaukar layi.

Hanya ta uku ita ce rautoci 'yan gida ɗaya da ake sayarwa biyu ko uku a kwali guda, ana ce musu mesh. Suna haɗa kansu da kansu, waya tana tashi daga wannan zuwa waccan ba tare da kin sani ba. Sun fi tsada, kuma su ma idan katanga ta yi kauri sai an haɗa su da kebul suke nuna ƙwazonsu.

Akwai kuma wata na'ura da ke tura intanet ta cikin wayar wutar gida. Wannan ba na ba ki shawararta, domin da an ɗauke wuta ta tsaya, kuma a gidan da kowane sashe yake da nasa layin wutar ba lallai ta yi aiki ba.

Wajen Saye

A Kano ana samun waɗannan kaya a kasuwar waya ta Farm Centre da ta Beirut. Wanda za a aika ya tafi da hoton bayan rautarku, don mai shago ya ga irin ramukan da take da su. Abin da ake nema a jikin ta farko shi ne rami mai suna LAN. Ta biyun ba ta bukatar layin waya ko kaɗan, don haka kada a yarda a sayar muku da mai ɗaukar sim alhali ba ita ake nema ba. Rauta ta gama-gari irin su TP-Link ko Tenda ta wadatar. A tambayi mai hanya biyu, 2.4 da 5, wadda kuma take da tsarin da aka rubuta Access Point. Idan intanet ɗinku 5G ne ko Starlink, a tabbatar ramukanta masu ɗaukar megabit 1000 ne, domin ƙananan rautoci da yawa a 100 suke tsayawa. A taya a shago biyu ko uku kafin a biya. Idan ta hannu ce, a kunna ta a gaban mai shago, a kuma duba cewa cajar tata ce, don wasu bolt 9 suke sha, wasu 12.

Idan kuma akwai tsohuwar rauta a ajiye a gida, a fara gwada ta, sau da yawa tana yin aikin.

Yadda Ake Saita Ta

Wannan aikin ba gagarau ba ne. Ke da kanki za ki iya, ko ke da ɗanki ko ƙaninki, a cikin rabin awa. Ga matakan:

1. Ki kunna ta biyun ita kaɗai, kada ki haɗa ta da ta farko tukuna. Idan tsohuwa ce, ki nemi ɗan ramin da aka rubuta Reset, ki danna da tsinke na kamar daƙiƙa 10, ta koma yadda ta fito daga kamfani.

2. Ki juya ƙasanta. Akwai takarda mai ɗauke da sunan Wi-Fi ɗinta, da kalmar sirri, da adireshinta. Adireshin lambobi ne, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu kuma 192.168.8.1.

3. Ki haɗa wayarki da Wi-Fi ɗinta, ki rubuta adireshin nan a burauza. Shafin saiti zai buɗe.

4. Ki sa mata suna da kalmar sirri na Wi-Fi. Idan kika ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya sak da na ta farko, wayoyi za su riƙa komawa kan wadda ta fi kusa, kodayake wata wayar takan maƙale wa ta nesa sai an kashe Wi-Fi an kunna. Idan kuwa kin fi son ki san wadda kike kai, sai ki bambanta sunan.

5. Idan kin ga inda aka rubuta Access Point, ki zaɓe shi, rautar za ta kashe kanta ta tashi. Shi ke nan, sai ki wuce mataki na 8.

6. Idan babu, sai ki canja mata adireshi. Lambobi uku na farko su zama irin na ta farko, ta ƙarshe kaɗai za ta bambanta. Idan ta farko 192.168.0.1 ce, ta biyu ta zama 192.168.0.2. Dalili kuwa, gida biyu ba sa ɗaukar lamba ɗaya a layi ɗaya, mai kawo saƙo zai rikice. Bayan kin canja, da sabon adireshin za ki sake shiga.

7. Ki nemi inda aka rubuta DHCP ki kashe shi. Shi ne mai raba wa wayoyi lamba, kuma ta farko tana wannan aikin. Idan masu rabo suka zama biyu, sai ki ga waya ta nuna ta haɗu amma babu intanet. Wannan matakin shi ne na ƙarshe a saiti.

8. Ki soka kan kebul ɗaya a ramin LAN na ta farko, ɗayan a ramin LAN na ta biyu. Ramin da aka rubuta WAN, wanda launinsa ya bambanta, ki bar shi haka, sai fa idan kin bi mataki na 5 kuma takardar rautar ta ce a nan za a soka.

9. Ki koma ɗaki ki sake gwajin nan na fast.com, ki gwada da lambar da kika rubuta a baya.

Ƙarin bayani ga mai son ta ƙware: a ɓangaren 2.4 akwai tashoshi kamar na rediyo, uku ne daga ciki ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11. Idan ta farko tana kan 1, ki sa ta biyu a 6 ko 11, kada su riƙa danne muryar juna.

Jan Kebul Da Batun Wuta

Idan kebul zai ratsa tsakar gida, a zura shi cikin bututun roba a bi da shi jikin bango, saboda rana da ruwan sama da ɓeraye da hannun yara. Kada a ɗaure shi tare da wayar wuta, kada kuma a lanƙwasa shi sosai ko a matse shi da ƙofa. Idan huda bango za a yi a gidan haya ko gidan gado, a nemi izinin masu shi tukuna. Idan kuwa mai gyara za a kira, ki bari maigida ya tsara ranar da yake nan, ku riga ku yanke inda za a kafa ta, don kada a yi ta yawo da baƙo ɗaki-ɗaki.

Duka rautocin biyu suna bukatar wuta. Idan ta farko ta mutu, ta biyu za ta ci gaba da nuna alamar Wi-Fi a cike, amma fanko ce. Abin daɗin shi ne ba su da cin wuta: rauta mai wat 10 ko ta kwana ta wuni a kunne wata guda, yunit 7 da 'yan kai za ta sha. Saboda haka ƙaramar sola ko inbata tana riƙe su, akwai ma ɗan batir na musamman da ake sayarwa don rauta, wanda ke karɓa da zarar an ɗauke wuta. Da damina kuma, idan hadari ya taso da tsawa, ki zare su daga soket.

Wasu mata suna tsoron kada yawan Wi-Fi ya cutar da yara ko mai ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun a 2006 cewa babu wata gamsasshiyar hujja da ke nuna raunanan saƙonnin nan suna yi wa lafiya illa. Abin da ya fi cancantar tsoro shi ne soket a ƙasa da kebul a kan hanyar mai rarrafe.

Tsare Ƙofa

Yanzu da saƙo ya yi ƙarfi, ba ɗakinki kaɗai zai kai ba, har lungu zai leƙa. Idan kika ga samarin unguwa sun mayar da jikin katangarku majalisa kowa da waya a hannu, to ki bincika. Ga abin da za ki yi:

Kalmar sirri kada ta gaza haruffa 8, gara ma ta kai 12, a gauraya haruffa da lambobi. Ban da lambar wayar maigida, ban da sunan auta, ban da 12345678. A wajen nau'in tsaro ki zaɓi WPA2 ko WPA3, ki guji WEP domin tsohon kwaɗo ne da aka daɗe da sanin yadda ake ɓalle shi. Ki kashe WPS. Sannan ki canja kalmar shiga shafin saiti, wadda sau da yawa admin ce kawai, kowa ya san ta.

Ki kuma sani cewa wayoyin yanzu suna iya raba kalmar sirri ta hanyar hoton lamba, yaro ya nuna wa abokinsa ya ɗauka, ba tare da ya furta komai ba. Don haka ɓoye wa yara kalmar bai isa ba. Lokaci-lokaci ki shiga shafin saiti ki ƙirga wayoyin da ke kai. Idan wayoyin gidanku shida ne kika ga goma sha ɗaya, a canja kalma. Idan kuna son taimaka wa maƙwabta ko baƙi, abu ne mai kyau, amma a yi shi da sani: rautoci da yawa suna da Wi-Fi na baƙi daban, wanda za ki buɗe ki rufe yadda kika so. Haka mu ma mu ja wa namu yaran kunne, hawa Wi-Fi na maƙwabci ba da izininsa ba cin haƙƙi ne, don da kuɗinsa ya saya.

Kada Data Ta Riƙa Ƙarewa Da Wuri

Ga wani abu da masu shago ba sa faɗa. Da zarar intanet ya gyaru, data za ta fi saurin ƙarewa. Ba rautar ce ke sha ba. Waɗanda a da ba sa samu yanzu sun samu, kuma YouTube da makamantansa da sun ga sauri sai su ƙara wa hoto kyau da kansu. Bidiyo mai tsananin kyau yana iya cin giga 3 a awa guda, alhali matsakaici bai wuce giga 1 ba. Bugu da ƙari, wayoyi suna ɗaukar Wi-Fi a matsayin na banza, da sun hau sai su kama sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiya.

Maganin shi ne ki bi wayoyin gida ɗaya bayan ɗaya. A WhatsApp ki hana bidiyo sauka da kansa. A YouTube ki sa hoto a 360 ko 480, a fuskar waya ya wadatar. A Play Store ki hana sabuntawa sai da izini. Rautoci da yawa kuma suna ba ki dama ki ƙayyade wa kowace waya sauri, ko ki sa lokacin da Wi-Fi zai rufe. Idan ta biyun ɓangaren yara take ba wa, zare ta da ƙarfe goma na dare ya fi dogon faɗa, barci ya samu, data ta huta.

Zaman Tare

A gidan yawa, ƙaramin abu ne ke zama babba. Idan ku biyu ne ko uku a wurin maigida, kada a kafa rauta a ɗakin ɗaya ta zama ita ke kunnawa ita ke kashewa. A nemi wuri na kowa, kamar baranda ko falon tsakiya, a auna a ga kowane ɗaki ya samu. Idan gidan gandu ne kuma ana karo-karon kuɗin data, a yi magana tun farko: nawa kowane sashe zai bayar, ranar nawa ga wata, waya nawa kowa zai hau da ita, wa ke riƙe kalmar sirri. Abin da aka faɗa a fili ba ya zama gutsiri-tsoma daga baya.

Aikin Gida

Kafin fitowa ta gaba, ki yi waɗannan abubuwa uku. Na ɗaya, ki auna saurin intanet a wurare ukun nan, safe da dare, ki rubuta. Na biyu, ki juya rautarku ki duba ko tana da ramin LAN, ko kuma tana da 2.4 da 5. Na uku, ki ƙirga wayoyin da ke kanta. Da wannan takardar a hannunki, idan kika zauna da maigida ba cewa kawai za ki yi intanet ba ya aiki ba. Za ki nuna masa inda matsalar take, da abin da ya kamata a saya, da wanda sayensa asara ne.

Allah ya sa mu amfana, ya sanya albarka a gidajenmu da sana'o'inmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba. Wassalam.